Wanda Ya Sayar da Jan Sa

Talata Mafara

Zuwa ga ɗiyata Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Gusau? Innarki tana gaishe ki.

Na kashe wayata saboda zagi, shi ya sa na ba direba wagga takarda. Kin ga bidiyon da maigidanki na wurin aiki, Lukman, ya sa a shirinsa: ga ni a kara, kasuwar shanu, ranar Talata riƙe da igiyar jan sa, shi kuma yana faɗa wa duniya wai cikin shanun da aka sace a Tsibiri ne, wai mu mahauta ke ciyar da 'yan bindiga. Shekara talatin da huɗu ina fawa, ko akuyar da ban san asalinta ba ban taɓa yankawa ba. Jiya na kasa nama tun hantsi har la'asar, ƙuda kaɗai suka zo. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce, "Maiwada, har da kai?" ta wuce.

Ke kika ce mana aikinki tace magana kafin ta fita. To wagga ta ina ta bi?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Maiwada

Gusau

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna.

Wallahi ban ga bidiyon ba sai da ya fita. Ranar ina Bakura kan labarin rabon taki. Aka turo wa Lukman, ya ga zai ja mutane, ya saka. Na yi masa magana. Ya ce in kawo hujja, zai janye.

Na je Tsibiri. Mai shanun da aka sace ya kalli bidiyon ya ce nasa duk farare ne. Da na ce zan ɗauki muryarsa sai ya ce, "Ɗiyata, ni kwana nika son yi gidana." Saura hanya ɗaya, Baba: wanda ya sayar maka da san. Sunansa da muryarsa, minti ɗaya ya isa.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Bushira

Talata Mafara

Bushira,

Bayan gaisuwa. A'a.

Makiyayi ne daga wajen Damaga, ubana da ubansa sun yi ciniki tun ba a haife ni ba. Mutanen daji sun hana su fitar da ko ɗan maraƙi ba da saninsu ba. A ɓoye ya koro san don ya kai matarsa asibiti. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Amana, Maiwada." In sunansa ya fita a waya, ba zai ga wata Talatar ba. Ni zagi nake sha, zagi kuwa ba ya tsiro a jiki.

Sarkin Pawa ya ce in dakata da yanka sai ƙura ta lafa. Zubairu, da muke rumfa ɗaya tun muna samari, yanzu daga nesa yake ɗaga mini hannu. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya tsare.
Maiwada

Gusau

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan Inna tana lafiya.

Na roƙi Lukman mu sauya muryar mutumin mu ɓoye sunansa. Ya ce shaida marar suna ba shaida ba ce. Shi da bai san wanda ya ɗauki bidiyon ba! A ƙarshen shiri ya karanta layi ɗaya, wai ba a tabbatar da zargin ba. Masu sauraro suka rubuta cewa ai 'yar mahaucin ce mai binciken. Na yi kuka a ofis.

Ka yafe mini, ban iya zama ba. Na tsayar da bidiyon na ga alamar wuta a cinyar san. Na buga hoton, na je kasuwar Maradun na nuna wa dillalai har na sami wanda ya gane ta. Yanzu na san sunan. Yana cikin littafina, ban kai wa Lukman ba. Baba, ka yi mini izini kawai.

'Yarka, Bushira

Talata Mafara

Bushira,

Bayan gaisuwa. Ki yage shafin ki ƙona.

Da takardarki ta iso na aika Damaga a ce masa ya tashi. An tarar da rugar ba kowa, tukunya na kan murhu. Maƙwabta sun ce ba su ga komai ba.

Ban yi fushi da ke ba, aikinki kika yi. Amma ki zauna ki tuna, ɗiyata, mutum nawa kika nuna wa hoton nan?

Allah ya yafe mana baki ɗaya.
Mahaifinki, Maiwada