Tsoho ya rage ƙarfin harsashi, mijina kuma shi ne a gaba

Baba Sibanda, don Allah ka taimake ni. Na rasa wanda zan kai wa wannan magana, ko mahaifiyata ban iya faɗa mata ba. An ce ka daɗe kana aikin gandun daji, shi ya sa na zo gare ka.

Mijina mai bin sawu ne a wani sansanin farauta nan wajen Gwayi. Shi ne kullum a gaba, idonsa a ƙasa, hannunsa daga shi sai sanda. A bayansa akwai baƙon da ya zo farauta da kuma mai sansanin, Oom Fanie, riƙe da babbar bindigarsa ta giwa da ɓauna. In baƙo ya raunata dabba ta shige kurmi, mijina ke bin jinin, tsohon kuma aikinsa ya tsayar da ita in ta taso musu.

To, Oom Fanie ya tsufa. Bara aka yi masa aiki a kafaɗar dama, bindigar nan kuwa duka gare ta kamar harbin jaki. Tun da ya fito asibiti, in ya harba sau ɗaya sai ya yi kwanaki bai iya ɗaga kofin shayi ba. Dama shi yake ɗura harsashinsa da kansa a wani ɗaki bayan gareji. Sai kawai ya shiga rage albarushi, yana sa kan harsashi marar nauyi, don dukan ya ragu. Bai gaya wa kowa ba. Mijina da kunne ya gane, wai muryar bindigar ta canza.

A watan jiya wata ɓauna mai rauni ta fito musu daga sarƙaƙiya. Tsohon ya harba, ba ta tsaya ba. Ya sake, ba ta tsaya ba. Sai da ta zo daf da mijina ta faɗi, har jininta ya ɓata masa takalmi. Ba a bakinsa na ji ba, matar direba ce ta faɗa mini a bakin famfo. Da na tare shi, yana cin tuwon masararsa ya yi dariya, ya kira ni da sunan uwar Lwazi kamar yadda ya saba, ya ce, "Haba NaLwazi, gaisuwa ta zo yi, ta ga ni miji nagari ne." Na yi kuka, na yi faɗa, na ce ya bar aikin. Ya ce, "Ubana ya bi wa mutumin nan sawu har ya mutu. Ni zan kalli idonsa in ce masa ya ƙare?"

Ni ma fa ba ƙin tsohon nake yi ba, Baba. Ranar da haihuwar Lwazi ta zo mini da gardama, shi ya ɗauke ni a motarsa cikin ruwan sama har Bulawayo. Ban san komai a kan bindiga ba, watakila ma tsoro ne kawai ke wasa da ni. Amma akwai baƙin farautar ɓauna da ke tafe kafin damina. Me zan yi?

Matar mai bin sawu, Gwayi

'Yata,

Tsoronki ba shirme ba ne, amma bari in fara da yi wa tsohon adalci. Sassauta harsashi ba sabon abu ba ne. Maharba na yin haka don gwajin hannu da harbin ƙananan namun daji. Wanda ke tsoron dukan bindigarsa yakan runtse ido kafin ya ja kunama, ya kuskure. Ina jin lissafin Oom Fanie ke nan: gara harsashi mai sauƙi da ya shiga inda ake so, da mai ƙarfi da ya wuce ta sama. Kuma na sha ganin ɓauna ta ɗauki cikakken harsashi ta ci gaba da tahowa, don haka ba zan rantse cewa ragin ne ya jawo abin da ya faru ba.

Sai dai harsashin gwaji daban, harsashin tsayar da ɓauna mai rauni a kurmi daban. Wanda ba shi da nauyi ba lallai ya fasa ƙashi ya shige ba. Ƙari a kan haka, rage albarushi a babban kwanso ba a yinsa da ka, akwai ma'aunin da masu yinsa suka gwada, wanda ya kauce masa bindigar na iya fashewa a hannunsa. Mafi muhimmanci, ran da ke gaban bindigar ba nasa ba ne. Bai kamata ya yanke wannan shawara a ɓoye ba.

Ki daina ce wa mijinki ya bar aiki, ba zai ji ba. Ki roƙe shi abu ɗaya: ya sami tsohon su biyu kaɗai, ya ce ya ji muryar bindigar ta canza. Ba sai ya ce masa ya ƙare ba. Ya nemi a kai harsashin wurin mai gyaran bindiga ya duba, kuma duk ranar bin dabba mai rauni a haɗa su da maharbi matashi mai cikakken harsashi. Tsofaffi da yawa sun yi haka, girmansu bai ragu ba.

In mijinki ya kasa, ke ki je wurin matar Oom Fanie. Ita ke shafa masa magani a kafaɗar nan, ina tabbatar miki ba ke kaɗai ke cikin fargaba ba. In duk an ƙi ji, ƙungiyar maharba na sauraron irin wannan ƙorafi, kuma mijinki na da ikon tsayawa a bakin kurmi ya ce ba zai shiga ba. Alherin da aka yi muku ba da ransa za ku biya ba.

Kada ki jira baƙin su iso, ki yi magana a wannan makon. Allah ya dawo miki da shi gida lafiya kowace yamma, ya ba tsohon sauƙi.

Baba Sibanda