Rokuro da Injin Cusa Tsakuwa

Sendai, Fabrairu 1972

Zuwa ga uwargida Tomie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yoriko da autanmu Shinji. Yaya sanyi? Yaya tarin da na baro ki da shi? Ni na iso makarantar horo lafiya. Ɗakinmu mutum huɗu ne, kuma duk na girme su, har sun fara ce mini Kawu.

Ki yi haƙuri da munin rubutun. Sai da na daɗe riƙe da kofin shayi kafin yatsun su yarda su kama alƙalami. Likitan nan ya maimaita abin da na Morioka ya faɗa: girgizar injin hannu da muke cusa tsakuwar layin dogo da shi ce ta cinye jijiyoyin, in na koma gare shi wata rana za su yi fari su ƙi dawowa. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, zuwan da kika matsa na yi bai zama kuskure ba.

Tomie, na ga injin. Marutai suke ce masa. Rawaya ne, tsawonsa ya kusa taragon fasinja. Kin san aikinmu, tunda kin sha kawo mana curin shinkafa bakin layi. Jirgi ya yi ta wucewa, tsakuwa ta zame daga ƙarƙashin katakai, dogo ya lotsa, mu zo mu kafa jak mu ɗaga, mu cusa tsakuwa. To wannan abu shi kaɗai yake yi duka. Yana da wasu ƙafafu da suke cafke ƙarfen dogo ta gefe biyu su ɗaga shi tare da katakonsa. Sai yatsun ƙarfe goma sha shida su sauko, suna karkarwa har ido ba ya iya bin su, su nutse cikin tsakuwa gaba da bayan katako kamar an sa hannu a buhun wake. Daga nan su matso juna, su tura tsakuwar ƙarƙashin katakon, su fito, injin ya gusa gaba. Kafin ki ɗaura ɗankwali ya gama katako guda, abin da mu huɗu muke yi wa gumi.

Na tsaya baki buɗe har malaminmu, Malam Semba, ya ce, "Kawu Oikawa, rufe bakin nan kada tsakuwa ta faɗa. Ba kallo ka zo ba."

Abu ɗaya ke damuna. Rokuro bai zo raka ni tasha ba. Tun muna samari muke ɗaga ƙarfe ɗaya da shi, amma ranar da na sa hannu a takardar horon nan ya ce da ni a gaban jama'a, "Naka yatsun sun mutu, za ka je aro na inji ka kashe mana aiki." In kin dafa miya ki aika Shinji ya kai masa. Tun rasuwar matarsa ba ya cin abin kirki.

Ki kunna wa marigayi Baba turaren tunawa a madadina. Ki gaida yara.

Naki,
Kanji

Sendai, Maris 1972

Zuwa ga uwargida Tomie,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta zo tare da safar hannun. Ta yi mini daidai, na gode. Na ji daɗi da tarin ya lafa.

Kin ce Rokuro ya karɓi miyar, ya dawo da kwano a wanke, amma ya ce a gaya wa "direban manya" ba ya cigiyarsa. Ba komai. Tunda ya ci, ya isa.

Makon jiya aka fara ɗora ni a kujera, na yi abin kunya. Na sauke yatsun kafin injin ya daidaita, suka soki katako a tsakiya, ya tsage kamar rake. Yaran suka kwashe da dariya. Malam Semba ya zagayo ya duba ɓarnar, ya ce, "Madalla, mun samu itacen dafa ruwan wanka. Sake." Haka mutumin nan yake, bai taɓa ɗaga murya ba. Na sake, na sake, yanzu hannuna ya faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda injin yake gane inda layi ya lotsa. Kin tuna yadda Baba yake kwantawa ya kafa kunci a kan ƙarfe, ya kanne ido ɗaya, yana yi wa masu jak nuni da hannu? Shi marutai waya yake da ita, a miƙe tsaf tsakanin wani ɗan keke da yake turawa gaba da wani da yake ja a baya. Duk inda dogo ya kauce wa wayar, sama ko ƙasa, hagu ko dama, wata allura za ta nuna, injin ya yi ta ɗagawa ko turawa har allurar ta koma tsakiya.

Malam Semba ya ce ba dare ɗaya aka kai nan ba. Wani mutumin Suwizalan ne ya fara haɗa irinsa tun kafin yaƙi, kuma na farkon cusa tsakuwa kawai suka iya, sai mutane sun riga sun ɗaga musu layin da jak. Daga baya a Ostiriya aka mai da su masu aiki da ƙarfin mai a cikin mesa, aka koya musu ɗagawa, sannan aka koya musu miƙar da layi. Wai yanzu har akwai mai kama katako biyu lokaci guda. Ina zaune ina tunanin waɗannan mutane da ban san ko sunansu ba. Lallai akwai wanda a cikinsu ya taɓa tsayawa ya kalli bayan lebura a sunkuye, abin ya dame shi.

Na ci jarrabawa, Tomie. Ni na zo na uku. Ki gaya wa Shinji ya daina cewa kan babansa ya toshe. Ina nan tafe ƙarshen wata.

Mijinki,
Kanji

Gida, Oktoba 1972

Zuwa ga uwargida Tomie,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Yaya ƙugun nata? Ta fara takawa? Ki zauna a Kuji har ta warware, kada ki damu da mu. Yoriko tana dafa mana abinci, gishiri dai yana mata yawa.

Marutai ya iso yankinmu a makon nan, aka haɗa mu da tsofaffin abokan aikina, su suna bin mu da shebur suna ƙara tsakuwa. Ba a kori kowa ba, kamar yadda aka yi ta tsoro, amma har yanzu wasunsu gaisuwar fatar baki suke mini. Rokuro kuwa ya juya wa injin baya, ko kallonsa ba ya yi.

Shekaranjiya muna aiki a lanƙwasar da ke bayan gonar tuffa, a tazarar da ake ba mu tsakanin jirgin hantsi da na 'yan makaranta. Ruwa na sauka, mai sanyi kamar ƙanƙara. Muna tsakiyar ɗagawa wata babbar mesa ta fashe, mai ya yi feshi, yatsun suka tsaya cak. Muka ɗaure su da sarƙa, aka lallaɓa da injin zuwa layin ajiya. Amma ga abin da ya bari: bayanmu dogo ya ɗago, gabanmu yana ƙasa, tsakani kamar matakala. Jirgi ba ya hawa wannan. Injinan hannu kuma ba a zo da su ba, tunda ga marutai. Abin da ke cikin bukkar bakin layi jak ne da tsofaffin digogi.

Helma ya ce a ɗauko. Muka jeru. Rabonmu da diga an daɗe, yaran ma ba su taɓa yi ba, kowa na sara yadda ya ga dama. Rokuro ya ture wani yaro ya ce, "Matsa, ɗan inji, ka ga yadda maza ke yi." Ya ɗaga, ya sara, ya sake ɗagawa, sai digar ta sulɓe daga hannunsa ta tashi sama, ta wuce ta gefen kan helma ta faɗa cikin rami.

Kowa ya tsaya. Rokuro ya cire safa da haƙori. Tomie, ban taɓa ganin irin wannan ba, ko a nawa hannun. Yatsu takwas farare fat kamar kyandir. Ya tsaya yana kallonsu, ruwa na zuba a kai, bai ji ba.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Rokuro, ba mu da mai ba da waƙa."

Ya harare ni. Sai ya soke hannayen a hamata, ya hau kan ƙarfe, ya buɗe murya. Waƙar sara ce ta zamanin Baba, wadda shi Rokuro ya gada. Da ya ja baiti digogi su tashi tare, da ya sauke su faɗi tare. Nan da nan yaran suka kama. Tsakanin baiti yana zaginmu: "Kai mai gilashi, tsakuwar surukarka ce da kake jin kunyarta? Kanji, kujera ta lalata ka, sunkuya!" Muka sassauta matakalar nan katako bayan katako har ta zama gangara mai laushi. Jirgin ya zo a hankali bisa tutar helma, ya wuce lafiya, yara na ɗaga mana hannu ta taga ba su san komai ba.

Da aka tashi na ja shi gidan wanka, bai yi musu ba. Ni na ɓalle masa maɓallan riga. Muna cikin ruwan zafi jini ya fara dawowa, ya cije leɓe don zafi. Can ya ce, "Tun bara nake kwana da rigar aiki. Ba na iya cirewa in na dawo." Na ce gobe za mu Morioka wurin likita. Ya ce, "Kai dai ka cika shisshigi." Amma da safe na same shi a tasha ya riga ni.

Ki gaida Inna da kyau. Gidan ba daɗi ba ke.

Naki,
Kanji

Gida, Fabrairu 1973

Zuwa ga uwargida Tomie,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi murna da jin Inna ta kai bakin ƙofa da sanda. In haka ne, kafin dusar ƙanƙara ta narke kina gida. Mu duk lafiya. Hannuna ya yi sauƙi sosai bana, kin ga ma rubutun.

Kin tambayi Rokuro. Likita ya ce yatsu biyu na hagu sun tafi ke nan, sauran za a iya ceto su in ya rabu da injin hannu har abada. Ofis suka ce za su mai da shi gadin mararrabar titi da dogo a wani gari can kudu, ya riƙa sauke sanda yana ɗagawa. Ya ce gara ya ajiye aikin. Ya shiga ɗaki ya rufe, har na fara jin tsoro.

Wata ranar Lahadi muna gwada marutai a layin ajiya bayan gyara, na aika Shinji ya ce masa ina neman wanda zai riƙe mini tuta. Ya zo yana ƙunƙuni. Na ce ya hau ya sha ɗumi, akwai hita. Ya hau ya tsaya a bayana, fuska a murtuke. Na yi katako uku yana kallo. Sai na ji ya ce, "Tsaya. Me kake yi da ƙafarka?"

Na nuna masa abin takawar. Da ita ake sauke yatsun, hannu ɗan juya maɓalli ne kawai nasa.

Ya ce, "Da ƙafa? Shekara guda kana hura mana hanci, ashe keken ɗinki kake takawa? Tashi."

Helman injin ya kau da kai kamar bai gani ba. Rokuro ya zauna. Na farko ya yi sauri, na biyu ya makara. Daga na uku ya kama. Tomie, mu da aka koya wa a makaranta ƙirga muke yi a zuci. Shi kuwa kunne ya sa, yana jin lokacin da kukan injin ya sauya, alamar tsakuwa ta cika ƙarƙashin katako, sai ya ɗage ƙafa. Ya yi layin ajiyar nan har ƙarshe. Ya kashe injin. Ya shafa ƙarfen gabansa da bayan hannu ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya san aiki." Ban taɓa jin ya yabi wani abu haka ba.

Sauran ya zama faɗa da ofis kan a tura shi horo, don sun ce shekara hamsin ta yi yawa. Helma ya rubuta, ni ma na rubuta wa Malam Semba. Amsarsa gajeriya ce: a turo shi, akwai sauran katakan tsagawa.

Jiya ya tafi Sendai. Ni na ɗaure masa ƙunshin kayansa, Yoriko ta yi masa curin shinkafa na hanya. Duk 'yan ƙungiyarmu sun zo tasha, har da waɗanda ba sa gaishe ni. Ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, ta matse shi a kafaɗa. Jirgi ya fara motsi ya leƙo ta taga ya ce, "Kanji! Na nawa ka ce ka zo?" Na ce na uku. Ya ce, "To ka shirya jin kunya!"

Muka tsaya har jirgin ya shige lanƙwasa. Helma ya fyace hanci ya ce sanyi ne, ya kora mu bakin aiki.

Ki gaida Inna, ki ce ina mata sannu. Ki rubuto ranar da za ki taso, zan zo tasha in ɗauki kaya.

Mijinki mai kewarki,
Kanji Oikawa