Gaisuwar da Na Koya wa Deja

Litinin, 10 ga Yuni, 2024

Ƙawata Deja za ta Ghana. Ita da mamanta, cikin ayarin baƙaƙen Amurka masu zuwa ganin inda aka kwaso kakanninsu. A aji ta faɗa, kowa ya tafa mata. Ni ma na tafa. Ni da iyayena 'yan Kumasi ne ban taɓa taka ƙasar ba, don takardun Mma na zama a Amurka har yau ba su fito ba. Ita kuwa ko sunan garin ba ta iya faɗa daidai.

Juma'a, 14 ga Yuni

Mma ta ji ayarin zai kwana biyu a Kumasi, sai ta hau haɗa wa mahaifiyarta, Kaka Abiba, saƙo: man zafi, tabarau, ganyen shayi. Deja ce za ta kai har unguwar Zango. Wato za ta riga ni zama kusa da Kaka. Ni a waya kawai na san ta, kuma in aka miƙo mini, daga "lafiya lau" sai bakina ya mutu.

Lahadi, 23 ga Yuni

Muna zaune a matakalar gidanmu Deja ta ce in koya mata yadda ake gaida tsofaffi da Hausa. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ce ta durƙusa ta ce: "Ke tsohuwa, har yanzu kina nan? Ina haƙoranki?" Na ce ma'anarsa barka da hutawa. Ta maimaita sau bakwai, ta rungume ni.

Astagfirullah.

Asabar, 6 ga Yuli

Hotuna, hotuna, Deja sai ɗorawa take a intanet. An yi musu bikin suna, an ɗaura mata farin zane, wai yanzu ita ce Akua. Ban danna wa ko ɗaya alamar so ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Yau ta je Zango. Ban iya cin abinci ba. Ina ta tunanin in Kaka ta ji haushi, in aka tambayi wa ya koya mata.

Da la'asar Mma ta shigo da waya tana dariya har da hawaye. Bidiyo ne. Deja ta durƙusa, ta faɗa tsaf, ba kuskure. Sai Kaka ta buga cinya: "Ja'ira! Haƙorana suna wajen kakanki, je ki karɓo!" Ta jawo ta jikinta, tana cewa yau ta ga jika mai baki.

Mma ta ce ai haka jika da kaka suke, tsokana ce gaisuwarsu. Shekarata goma sha shida ba wanda ya gaya mini. Da hannuna na ba ta kakata.

Juma'a, 12 ga Yuli

Deja ta aiko murya. Ta ce a gidan bayi na bakin teku ta yi kuka, don ba ta san sunan ko mutum ɗaya da za ta kira ba. Ta ce a gidan Kaka ne kaɗai aka zage ta kamar 'yar gida. "Na gode, Shamima."

Na saurara sau uku.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na karɓi wayar Mma na kira Kaka da kaina. Na ce, "Tsohuwa, an ce shayinki ba sukari. Rowa ce ko mantuwa?"

Sai ta ce, "Wace ce? Shamima kurma? Ashe akwai harshe a bakin nan!" Ta ce in ina son sukari in tako da ƙafata. Mun yi minti ashirin, rabi ban gane ba.

Jirginsu Deja zai sauka Talata. Mma ta ce ko zan raka ta tarbo su. Na ce sai na gani. Na dai goge doguwar rigata.