Bokitin Ruwan da Ban Zuba Ba

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Zaliha, 'yar marigayi Rufa'i mai lambu na unguwar Diguel, na rubuta wannan da hannuna a watan Mayu na 2003. Ciwon sikila ya kwantar da ni, amma hankalina ɗaya ne. Ban yi aure ba, ban haifa ba. Huseina da Hansatu, ƙannena, ni na goya ku, don haka ku ne 'ya'yana. Ku yi haƙuri da rubutun, karatuna bai wuce aji shida ba.

Na ɗaya. Huseina, ki ɗauki almakashin Baba da igiyar awo. Hansatu, naki ne dashen lalle, gwaiba da lemun tsami na bayan ɗaki. Kada ki ba su ruwa da tsakar rana.

Na biyu. Tun ina da shekara tara nake bin Baba gidajen mutane, ina riƙe masa igiya. Yakan ce lambu ba don ido kaɗai ake yinsa ba, don zama ne. A fara da inda tsohuwar gida za ta shimfiɗa tabarma, fulawa ta biyo baya. Kuma ba ya zana komai sai ya zuba bokitin ruwa a tsakar gida, ya bi shi ya ga inda ya nufa, sannan ya ja layi da toka. Ya ce ƙasar N'Djamena shimfiɗaɗɗiya ce, ido ba ya gane gangarenta, ruwa ne ke ganewa.

Na uku, wanda saboda shi na nemi takarda. Bayan rasuwar Baba, ni ke zana layi, ƙaninsa Baffa Idris yana haƙa. Shekara biyu da suka wuce aka kira mu wani sabon gida a unguwar Goudji. Na ɗauko bokiti, sai na ga maza cike da rumfa suna shan shayi. Ɗaya ya ce, "Yarinya, wanka za ki yi wa ƙasar?" Suka yi dariya. Kunya ta kama ni, na ajiye bokitin, na ja layi da ido. Baffa ya zo daga baya, ya tambaye ni ko na zuba ruwan. Na gyaɗa kai.

Da ruwan Agusta ya sauka, kwatar da muka haƙa ta kai shi gindin katangar maƙwabciya, wata tsohuwa, Iya Shatu. Ɗakinta na ƙasa ya zube. Allah Ya tsare ranta, amma ƙafarta ta karye, har yau da sanda take tafiya. Aka ce Baffa ne ya karkatar da haƙa. Aiki ya yanke masa, ya koma dako a kasuwa. Inna ta ce ya zubar da sunan Baba, ta daina amsa gaisuwarsa. Ina zaune a gabanta, ban ce uffan ba. Shi ma bai taɓa tona ni ba, kuma na san ya sani.

Na huɗu. Ku karanta wa Inna wannan, ku raka ta gidan Baffa. Ku je wurin Iya Shatu da mai gidan Goudji, ku faɗa musu da bakinku cewa layin Zaliha ne, ba fartanyar Idris ba. A roƙi mai gidan ya bar Baffa ya juya kwatar kafin damina, domin har yanzu bakinta katangar Iya Shatu yake kallo.

Da na yi niyyar ku buɗe takardar nan bayan an kai ni makwancina. Na gane wannan ma ɓuya ce. Ku je yau. Idan Baffa ya yarda ya zo, ku ɗaga min kai, ina so in faɗa da bakina.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku cikin imani. Ku riƙe Inna, ku riƙe Baffa da 'ya'yansa, kada gidan Rufa'i ya sake rabuwa saboda ni. Ku yafe mini.

Yayarku, Zaliha.