Allon Shagon Baba

Daren Laraba, watan Shawwal

Ƙanena Habibu ya turo hoto daga Amurka. Yana rungume da wani famfon mai da tsatsa ta cinye, a tsohuwar hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi. Har ya rubuta, "Yaya, mutanen nan sun san darajar tarihi."

Na kira shi na tambayi allon shagon tsiren Baba, wanda na ba shi ajiya da muka tashi daga unguwar Nuzla. Marigayin da hannunsa ya rubuta shi.

"Halas, zance ya ƙare, Yaya, na ba masu kwashe shara. Wuri yake tare min."

Ko muryarsa ba ta canza ba. Ni kuwa tun watan jiya na sa aka buga ƙusa a bangon falo.