Ni Ce Na Ga Kunkurun Bayan Bene

Haskovo,
Laraba, mako guda bayan Ista.

Zuwa ga Yayana Kalin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ɓoye wa Mama. Yaya, na so in bi tsari in fara da labarin gida, amma na san halina, idan ban faɗi abin da ke cina yanzu ba zan cika takardar da zancen ruwan sama in rufe. Ni ce na ga kunkurun nan. Ni na ɗauki hotonsa, ni na kai wa ɗaliban jami'a, kuma saboda hoton ne aka tsayar da ginin da za ka dawo gida ka yi aikin tayil a cikinsa. Ban faɗa wa kowa ba, ko Mama, ko ƙawata da muke zama benci ɗaya. A waya ba zan iya ba, don duk sanda ka kira Mama na tsaye a kaina tana jiran a miƙa mata.

Mutanen gida lafiya lau. Baba yana nan da aikinsa na gadi, tarin ya yi sauƙi. Mama ta rina ƙwai ja fiye da yadda za mu iya ci, ta ware naka a gefe kamar za ka shigo da yamma. Kaka Donka ce dai ƙafafun ke ƙara kumbura, saukowa daga hawa na huɗu ya zame mata tafiya. A gasar fasa ƙwai ita ta cinye kowa, Baba ya ce wai na katako ta ɓoye a aljihu, ta ce masa ai tun yana yaro bai iya faɗuwa da mutunci ba. Velina, wadda za ka aura, ta zo mana ranar Lahadi da waina. Zan dawo kan zancenta.

Ka san filin bayan benenmu fiye da ni, kai ka koya mini satar ɗanyen janka, 'ya'yan itacen nan masu tsami, da gishiri a aljihu. Amma tun tafiyarka ya canja. Ɓangaren titi ya zama juji, mutane na zubar da tsofaffin katifu da ɓaraguzan gini, karnuka kuma sun yi gida. Can ciki ne, wajen ƙayoyi da itatuwan janka, yake yadda ka bar shi. Nan nake zuwa da littattafaina, waɗanda kake cewa duk labari ɗaya ne aka sauya wa saurayin riga. Da kamfanin ya kafa turaku, ya liƙa hoton benaye uku da wurin ajiye motoci da asibitin sha-ka-tafi a ƙasa, na ji zafi a raina, amma na yi shiru. Ranar da Baba ya dawo ya ce shugaban ma'aikatan ya yi alkawarin ba ka aikin tayil na duka benayen, na yi murna da gaske, ka yarda da ni. Har na fara lissafin rigar da zan sa a bikinka.

A ƙarshen sanyi wasu ɗalibai suka fara zuwa filin da madubin hangen nesa, suna duba tsuntsaye. A cikinsu akwai wani dogo mai suna Yasen. Wata rana ya tsaya a gabana ina karatu, ya tambaye ni ko na taɓa ganin wani abu mai rai a nan ban da karnuka. Na girgiza kai kawai, ya yi murmushi ya wuce. Na yi makonni ina tsara amsar da ya kamata in ba shi. A wanka ina tsarawa, a aji ina tsarawa, har malamar lissafi ta tambaya ko jikina ne kawai ya zo makaranta.

Sai shamuwa ta iso. Kowa ya cire zaren nan ja da fari da muke sawa a hannu tun farkon Maris ya ɗaura a reshen janka mai fure, kamar kullum. Ni kuwa na tuna abin da Kaka ta ce 'yan matan ƙauyensu ke yi: a sa zaren a ƙarƙashin dutse, a dawo daga baya a ɗaga, abin da aka tarar shi ne rabon shekara. Tururuwa arziki, tsutsa lafiya, gizo-gizo kuma a yi haƙuri. Ba arziki nake nema ba, Yaya, ka gane abin da nake son dutsen ya faɗa mini. Na shiga can cikin ƙaya inda ba mai gani, na zaɓi dutse mai faɗi. Da na koma na ɗaga, babu tururuwa babu tsutsa, amma busassun ganyen da ke gefensa suka motsa, sai ga kunkuru ya leƙo da kai, ƙasa duk a bayansa, idanunsa kamar na tsohon da aka tasa daga barci. Ban yi tunanin doka ba, ban yi tunanin kamfani ba, kai ma ban tuna da kai ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne yau na samu abin da zan ce wa Yasen.

Na nuna masa hoton. Ya karɓi wayata, ya ce wannan irin kunkurun doka ta hana a taɓa mazauninsa, in kai shi wurin. Na kai shi, shi da wata ɗaliba mai gajeren gashi, suka ɗaga ƙayoyi suka sami wasu da dama, har da ƙanana. A nan ne na tuna da ginin da kai, na roƙe shi kada ya ambaci sunana, ya yi alkawari. Da za su tafi ya dafa kaina ya ce ya gode, 'yar ƙanwa. Ita mai gajeren gashin kuma ta sa hannunta a aljihun rigarsa. Ka ga abin da na sayar da dawowarka a kansa ke nan. Da a ce son kunkuru ne ya kai ni, da na ji dama-dama.

Ba a daɗe ba takarda ta zo daga ofishin kula da muhalli, katafilar da aka kawo aka ɗora ta a mota aka mayar. Sauran ka ji a waya. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda Velina ta zauna a kicin ɗinmu ta yi kuka ba sauti, ta ce wa Mama ta riga ta sayi labule, kuma mahaifinta ya fara cewa shi bai ga amfanin miji na cikin waya ba. Ni na dafa mata shayin. Ranar kuma Baba ya ajiye cokali ya ce duk wanda ya ɗauki hoton nan ya zo ya kalli idonsa ya faɗa masa ko kunkuru ne zai ɗauke shi zuwa kabari in ya mutu ɗansa na ƙasar Sifen. Na sunkuyar da kai a kan kwanona. Mama ta ɗauka ba ni da lafiya, ta ƙara mini miya.

Unguwa ta rabu biyu. Goggo Stamena ta hawa na biyu da Kawu Metodi mai ɗan lambun tafarnuwa a filin sun mai da baranda majalisa. Ita takan leƙo ta ce masa tsohon banza, wai tafarnuwarsa ta fi ƙafafun mutane ne, ya je ya auri kunkurun tunda tafiyarsu ɗaya. Shi kuma ya ɗago daga ƙasa ya ce ai gaskiyarta ne ta nemi asibiti kusa, ko a samu likitan da zai ɗinke mata baki. Ta ce bara da ya faɗi a matakala ai kunkuru ne ya kira masa motar asibiti. Ya ce benen ƙanwarta da aka gina a kan fadama, duk damina da bokiti suke kwana, in an shafe filin nan da siminti ta tanadi nata bokitin. Yara suna taruwa su yi ta dariya. Da can ni ma zan yi.

Matsalar ita ce duk wanda ya yi magana sai in ga da gaskiyarsa. Makon jiya na raka Kaka asibitin tsakiyar gari, bas biyu muka hau, a tashar ta biyu ta zauna a bakin titi kan dakalin siminti tana haki, ta ce in daina kallonta haka, ba yau za ta mutu ba. A lokacin na ce a raina a kwashe kunkurun duka a kai su dutse, me ya dame ni. Da yamma kuma na leƙa taga na ga tsofaffi a kan bencinsu ƙarƙashin janka, na tuna watan zafi da benen nan ke zama tanda, iskar da ke shigo mana daga can take zuwa. Yasen ya ce in aka kai kunkuru wani wuri yakan yi ta tafiya yana neman gida har mota ta taka shi. Na so a ce ban ji wannan ba. Malaminmu na zane ya kawo shawarar a yi asibitin a ɓangaren juji, a bar ɓangaren ƙaya. Na yi tsalle a zuciyata, amma kamfanin ya ce ba benaye ba riba, ba riba ba asibiti. Ko da ma sun yarda, tayil ɗin asibiti ɗaya ba zai riƙe ka wata biyu ba. Gaba kura, baya siyaki.

Ga abin da ya sa dole in rubuto yanzu. Magana ta bazu cewa ɗaliban ne suka ɗauko kunkurun daga duwatsu a cikin jaka suka zuba a filin don su hana gini. Goggo Stamena ta rantse ta ga jakar tana motsi. Lauyan kamfanin ya kama zancen, yana tambaya in gaskiya ne ina wanda ya ɗauki hoton farko, me ya sa yake ɓuya. Ƙarshen watan nan za a yi taron 'yan unguwa a zauren makarantarmu, 'yan majalisar gari za su zo su saurara kafin su yanke hukunci. Shekaranjiya na fito daga makaranta na tarar da Yasen a bakin ƙofa yana jirana. A littattafaina nan ne wurin da ya fi daɗi. Ni kuwa waige-waige na shiga yi ko wani na ganinmu. Ya ce ba zai karya alkawari ba, amma ana shirin kai ƙararsu jami'a a kan ƙarya, kuma ni kaɗai ce 'yar unguwa da ta ga kunkurun yana fitowa daga barcinsa da ƙasar wurin a bayansa. Ya ce in yi tunani. Sunana ma sai da ya sake tambaya.

In na yi shiru, mai yiwuwa zancen jaka ya ci, katafila ta dawo, kai ma ka dawo, Kaka ta samu likita a ƙasan bene. Ba sai na yi ƙarya ba, zama kawai zan yi a kujerar baya, abin da na fi iyawa a duniya. Na gwada wannan a raina sau da yawa, ya ƙi zama. Mutanen nan ba su zo da komai a jaka ba, ni na ja su har wurin, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ina ganin zan tashi in faɗi abin da na gani, ko da muryata ba za ta kai layi na uku ba. Zan kuma faɗa musu ina son asibitin, ina son yayana ya dawo, in sun iya haɗa duka su haɗa, su ne manya. Ban san yadda zan kalli Baba bayan nan ba, balle Velina.

Ba izini nake nema ba, Yaya. In na nema ka ce kada in yi, zan bi maganarka in tsani kaina. In ka ce in yi, na san don ni ka faɗa, ka koma ɗaki ka zauna shiru. So nake kawai ka ji daga gare ni kafin Goggo Stamena ta kira uwar abokin aikinka. In ka yi fushi kana da gaskiya, ka yi, kada ka ɓoye mini kamar ciwon bayan. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, da wannan nake lallashin kaina.

Kaka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa safa ko da zafi ake. Baba da Mama suna gaisuwa. Ka gaishe da Kawu Zahari da matarsa Goggo Nevena, ka ce mun ga hoton jaririn, da Plamen abokin ɗakinka mai minshari. Velina ba ta san ina rubutu ba, amma na san da ta ce a gaishe ka.

Mama na falo tana ɗaure kwalin da za a ba direban bas ɗin Valensiya, cuku da kwalaben miyar tattasai da ƙwanka ja da ta ƙi yarda ya lalace. Da farko na yi niyyar cusa takardar nan can ƙasa, ƙarƙashin kwalabe, in wata ta fashe a hanya ta jiƙa ta shi ke nan, na dai rubuta. Na fasa. Zan raka Mama tasha, in ba direban a hannunsa, in ce masa hannu da hannu zai ba Kalin. Ga Mama can tana kira in zo in danna mata igiya da yatsa.

Taka ƙanwa,
Ralitsa