Ɗana Ya Ɗaga Mini Taɓarya

Assalamu alaikum Malam. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kada ka ga tsawon takardar nan ka jefa ta kwandon shara. Ni ba mutum ne mai kai zancen gidansa waje ba, amma yau abin ya fi ƙarfina. Saura mako biyar Babbar Sallah, kuma na rantse a ranar zan tara dangi in sallama ɗana na fari, in ce ba ni ba shi, duniya da lahira.

Ni akawu ne, ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati nan Kaduna, shekara goma sha huɗu ke nan. Ina zaune a gidan haya a Doka tare da matata Turai da 'ya'ya uku: babban mai shekara goma sha shida, sai Rabi, sai autanmu Nura ɗan shekara takwas. Shi babban, tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa ƙauyenmu can ƙasar Zazzau, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. A hannunta ya tashi. Da Allah ya yi mata rasuwa yana ɗan shekara goma sha biyu, sai na sa aka kawo shi nan, na sa shi makaranta.

Malam, da ka ga yaron nan a lokacin, sai ka ce a yi maka kyautarsa. Ba ya gaishe ni sai ya durƙusa, ba ya ɗaga kai, ko tari na yi sai ya miƙe. Ni kuma na riƙe shi yadda ubana ya riƙe yayana. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci da shi, ba na zama inda ya zauna. In ina son ruwan alwala sai in ce kai, ko in ce wa Rabi ta gaya wa wancan. Ita ma uwar haka take. Mu mutanen kunya ne, ba mu zo Kaduna don mu zubar da ita a bakin tasha ba.

Yana cika sha huɗu sai ka ce an musanya mini shi. Murya ta fashe, ƙafa ta fi takalmina, wuya ya yi kauri. Gaisuwa ta koma ta tsaye, daga nan ta koma gunaguni. In na yi magana sai ya zuba mini ido, ni da ko inuwata ba ya iya kallo. Ya fara buga ƙofa, ya fara zuwa kallon dambe, wata rana na ji warin sigari a rigarsa. Malaminsu ya aiko mini da takarda har sau biyu, na biyun ya ce ya fasa wa wani yaro baki, haƙora biyu sun zube a filin makaranta.

Ban zauna na naɗe hannu ba. Na fara da tsumagiya, da ta kasa na sayi dorina. Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gidanmu, sau uku ina ɗaure shi a jikinta da igiyar guga, in dake shi har hannuna ya mutu. Bayansa duk ya yi tabo. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ya kuka. Jini na bin ƙafarsa amma ko uffan, sai dai ya juyo da kai yana kallona, ni kuma kallon ne ke ƙara tunzura ni. Maƙwabcinmu Malam Idi masinja, wanda bai taɓa rasa shawara a kan gidan wani ba, ya ce iska ce, a yi masa rubutu da hayaƙi. An yi, ya shanye rubutun kamar kunu, washegari ya mari ɗan mai gidan hayarmu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga ofis, na ɗora Nura a gaban keke muka tafi kasuwa wurin tela, a gwada shi ɗinkin Sallah. Shi babban sai na ɗauki tsohuwar rigarsa don a yi awo da ita, kamar kowace shekara, domin ai ba zan jera da ɗan fari a titi mutane na kallo ba. Yana zaune a bakin ƙofa muka wuce shi. Muka dawo bayan la'asar, Nura na shan alewa yana ba da labarin mota, na jingine keke na shiga ɗaki in cire riga. Sai na ji ƙara kamar ana sassaƙa. Na fito na tarar ya ɗauki taɓaryar uwarsa yana ragargaza keken, fitila ta tarwatse, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Nura ya ruga ya riƙe masa riga yana kuka, ya wancakalar da shi da hannu ɗaya, yaro ya faɗa kan turmi, goshi ya tsage, jini ya rufe masa fuska.

Idona ya rufe. Na zaro dorina na shiga zabga masa ta ko'ina, har a fuska. A karo na biyar ko shida sai ya cafe ta, ya fizge, ya ture ni da kafaɗa. Ni da furfurata na faɗi cikin kwata, hulata can, matan gida duk sun fito suna salati. Ina kwance ya ɗaga taɓaryar nan saitin kaina. Wallahi na riga na yi kalmar shahada. Ya tsaya a haka, sai ya ce abu ɗaya yake so, in faɗi sunansa in dai na san shi. Ka ji rashin kunya, Malam! A gaban mata, ɗan fari yana ce wa ubansa ya kira sunansa. Na ƙi faɗa. Ya daɗe yana jira, sannan ya sauke taɓaryar a hankali, ya ajiye, ya juya zai fita.

Abin da ya biyo baya na rubuta shi na goge har sau biyu, amma tun da shawara nake nema bari in faɗa. Na miƙe na ɗauki taɓaryar na bi shi, na kai masa duka ta baya. Ya ji motsi ya kare da hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ranar ce kaɗai na ji ya yi ƙara. Nan take na yi rantsuwar da na gaya maka, kowa na ji.

An yi wa Nura ɗinki huɗu a asibiti, yana samun sauƙi. Shi babban kuwa yana Kurmin Mashi gidan kawunsa Shehu kafinta, mai ɗori ya ɗaure hannun. Turai ba ta iya roƙo a kan ɗan fari, amma kullum tana girki tana share ido, ta ce hayaƙi ne, alhali da gawayi take yi. Malam Idi ya ce in kai shi soja a gyara shi. Wani ya ce in kai shi gaban alkali. Ni dai zuciyata tafasa take in na tuna kwatar nan. Amma sau uku ina zuwa Kurmin Mashi a ƙafa bayan an tashi aiki, in kai bakin layin in juyo. Akwai takardar sakamakonsa ta shekarar da ya zo na ɗaya a lissafi, tana cikin aljihun teburina a ofis, duk abokan aikina sun gaji da ganinta, shi kaɗai ne bai san na ajiye ta ba. Ina son yaron nan, Allah ne shaidata, kuma ina jin tsoronsa. Me ya shiga jikinsa? In cika rantsuwata, ko yaya zan yi?

Uba Mai Ɓacin Rai,
Doka, Kaduna, Yuni 1957.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Nura lafiya, ya haɗa ƙashin yayansa. Na sauya duk sunayen da ka rubuto don rufin asiri, na matarka da na 'yarka da na auta, har da na masinjan nan mai maganin kowace cuta. Suna ɗaya ne ban sami abin sauyawa ba, domin ba ka rubuta shi ba. Shafi huɗu, ko a takarda ka kasa.

Bari in fara da laifin yaro, don kada ka ce na goya masa baya. Ya yi babban laifi. Ya fasa goshin ƙaninsa da bai yi masa komai ba, ya jefa ubansa a kwata, ya ɗaga masa makami. Wajibi ne ya durƙusa ya nemi gafararka, ya nemi ta Nura, kuma in hannunsa ya warke ya gyara keken nan da guminsa. Amma ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka. Shi yana tsaye kana kwance, ya ɗaga taɓarya ya sauke. Kai ka ɗauke ta ka buga, yana ba ka baya.

Ka tambaye ni me ya shiga jikinsa. Ba iska ba ce, balaga ce. Daga sha uku zuwa sha takwas jikin yaro yana girma da gudu, hankali na biye a baya da ɗingishi. Ransa na saurin ɓaci, yana jin ƙarfin da bai san inda zai kai shi ba, kuma abin da ya haɗiye yana ƙarami yanzu sai ya tsaya masa a wuya. Mai ladabi yakan koma mai gardama, mai surutu ya koma shiru. Yawanci yana wucewa in an bi a hankali. Dorina ba ta sa shi wucewa, abin da ta koya wa naka shi ne wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya, ga shi kuwa yanzu ya fi ka ƙarfi.

Ban ce kunyar ɗan fari banza ce ba, ni ma da ita aka rene ni. Sai dai a ƙauye, in uba ya kau da kai akwai kaka mai kiran yaro da suna tana tsokanarsa, akwai baffanni da gwaggwanni masu jan sa a jiki. Shi ya sa ɗan fari ba ya jin maraici. Kai ka ɗauko kunyar ka kawo ta gidan haya a Doka, ka baro kakar a kabari. Shekara huɗu yaron nan ba mai kiran sunansa a gidan ubansa sai ƙannensa, yana kallon wani a gaban keke, shi kuwa tsohuwar rigarsa ce ke zuwa kasuwa a madadinsa, rigar da ta daɗe da yi masa kaɗan. Hannunka ba ya taɓa jikinsa sai da bulala.

Ga abin da za ka yi. Ka manta da soja da alkali. Rantsuwar yanke zumunci ba abar cikawa ba ce, ka je wurin limamin unguwarku ya gaya maka yadda za ka yi kaffara. Ka sa dorina a murhu a gaban Turai, ka mayar da igiya jikin guga. Ka kai hannun nan asibiti likita ya duba ɗorin, kada yaro ya nakasa ka ɗauki wannan har ƙarshen ranka. Kada ka yi saurin dawo da shi gida, bar shi wata biyu ko uku wurin kawunsa, ya riƙa koyon sassaƙa bayan makaranta in ya warke, zuciyar kowa ta huce, shi ma Nura tsoro ya sake shi. In ya dawo ka sa masa doka kaɗan mai ƙarfi, wadda ka zauna ka faɗa masa da bakinka, ba ta bakin Rabi ba. In kuma ya sake ɗaga hannu a kan wani a gidan, ka kira kawunsa da limami nan take, kada ka tunkare shi kai kaɗai.

Yanzu saura mako biyu Sallah. Gobe in an tashi aiki ka sa takardar lissafin nan a aljihu, ka kama hanyar Kurmin Mashi a karo na huɗu, wannan karon kada ka juya a bakin layi. Ka tsaya a ƙofar gidan, ka yi sallama, ka kira shi da sunan da kai da kanka ka raɗa masa a kunne. Harshenka zai yi nauyi, wataƙila matan layin su yi gulma kwana biyu, ba za ka mutu ba. In ya fito ka roƙe shi gafarar hannunsa tun kafin ya roƙe ka, sannan ku jera zuwa wurin tela a gwada shi a jikinsa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sanyaya zuciyarka da tasa, ya sa ku yi Idin bana a sahu ɗaya. In ka sake rubuto mini, ka sa sunansa, ina so in sami abin sauyawa.

Naka,
Malam Mai Filin Shawara.